Don ta rama wa ubanta sai ta ajiye sunansa? Ku duba mini wannan labarin

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kai babi na 9 a sabon labarina na tsaya cak, sati biyu ke nan ban ƙara ko layi ɗaya ba. Gara ku yi mini gyara a nan kafin in fara sakinsa.

Labarin na matasa ne. Yarinyar sunanta Hafsatu, shekararta 19, haifaffiyar Gangare a Jos. Mahaifinta yana da shagon atamfa a babbar kasuwar Taminus, gobarar 2002 ta cinye komai. Ya sayar da gidan gado ya zo Abuja, suka haɗa kuɗi da wani amininsa na ƙuruciya suka sayi fili a Guzape tun wurin yana duwatsu da ciyawa. Da wurin ya yi daraja sai aminin ya sauya takardu, ya kuma juya ya kai ƙara cewa uban Hafsatu ne ya yi na jabu. Aka tsare shi a gidan yarin Kuje yana jiran shari'a, ciwon suga ya yi ajalinsa a can, tana da shekara 8. Yau aminin nan Alhaji ne da ake ji da shi a Maitama. Ita kuma ta dawo da sunan Amal, wai 'yar wani attajiri mazaunin Dubai. Ta ƙulla ƙawance da 'yar Alhajin, ɗansa Faruk ya faɗa sonta. Nufinta ta aure shi, ta shiga gidan, ta kwashe takardun gaskiya, ta rusa su daga ciki.

Matsalata ita ce duk sanda na zo rubuta ta zaune a falonsu ana hira, sai in ji ni kaina ban yarda da ita ba. Ina ne ramin?

Khalifa:
Wa alaikumus salam Anti. Ni dai ban ga rami ba, labarin ya riga ya kama ni. Abuja ai garin baƙi ce. In ka cire Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, kowa zuwa ya yi. A 1976 aka yanke shawarar gina ta, gwamnati ba ta tare ba sai Disamban 1991, ko shekara 40 ba a yi ba. Mutum yana da mota mai kyau da waya mai tsada, wa zai tambaye shi takardar haihuwa? Kullum muna ganinsu a Wuse II da bakin tafkin Jabi, ba wanda ya san sana'arsu, kuma ana buɗe musu ƙofa.

Anti Rabi:
Khalifa ɗana, ƙofar wurin shaƙatawa ake buɗe musu, ba ƙofar ɗakin Hajiya ba. Shekara 14 ina harkar shirya biki a garin nan, bari in gaya wa Maman Ilham inda ramin yake.

Masu kuɗinmu ba sa tambayar takarda, gaskiya ne. Abin da suke tambaya ya fi takarda wuyar ƙirƙira. Ranar farko da yarinya ta durƙusa ta gaida matar gida, tambaya uku ce: 'yar wane ce ke, wace ce mahaifiyarki, a wace unguwa gidanku na gado yake. Ana yi ana murmushi, ana miƙo miki dabino da ruwan sanyi. Kafin ki kai bakin get, Hajiya ta ɗaga waya ta kira ƙawarta a Kano ko Katsina ko Yola. In kika ce Dubai ma kin sauƙaƙa mata aiki, domin matan gidajen nan can suke zuwa sayen gwal da kayan lefe, sun san Hausawan da ke zaune a can, sun san masu yi musu jigilar kaya. Attajirin da har yake da 'ya mai shekara 19 a Dubai amma ba wanda ya taɓa cin tuwon gidansa da azumi, babu shi.

Wannan a ƙawance kawai. In maganar aure ta taso, tashi ake yi a tura mutum takanas har garinku ya zauna da mai unguwa da limamin masallacinku. Ni da kaina na ga auren da aka fasa bayan an raba kati, don an gano kawun da ya karɓi gaisuwar ba kawu ba ne. Saboda haka Amal ɗinki za ta iya yin wata ɗaya a cikinsu, ba za ta kai ɗaurin aure ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Maman Ilham:
Anti Rabi kin taɓo wurin. Wallahi a babi na 7 na tsallake gaisuwar Hajiya gaba ɗaya don ban san me Amal za ta ce ba.

Barista Hauwa:
Bari in ƙara da ɓangaren takardun, domin su ma ba kamar da ba ne. Tun 2014 aka shigo da BVN, lamba 11 da ke ɗaure da zanen yatsunka, duk asusunka na banki a kanta suke rataye. NIN ma lamba 11 ce da zanen yatsu, kuma tun Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa ta da layin waya. To ki ɗauka ƙawar Amal ta ce mata ga ankon bikin wance ya fito, turo kuɗinki. Tana turawa, sunan da zai faɗo a wayar ƙawar shi ne Hafsatu da sunan ubanta a gefe. Labari ya ƙare a babi na 3. Sai dai ta riƙa biyan komai da tsabar kuɗi ko ta wurin masu POS, kuma 'yar attajirin da ba ta taɓa tura kuɗi daga wayarta ba, ita ma abin lura ce.

Canza suna kansa doka ba ta hana ba. Ka yi rantsuwa a kotu, ka buga a jarida, ka je a gyara maka a wuraren da suka dace. Amma wannan yana barin sawu, sawun da take gudu. In kuwa ta yi amfani da sunan ƙarya ta karɓi kyauta ko kuɗi ko sadaki, ta shiga laifin damfara ta hanyar sojan gona a dokar hukunta laifuka ta Final Kod, wadda ita ke aiki a Abuja. In ta yi ta intanet, ga dokar laifukan intanet ta 2015. Ina so masu karatu su san wannan: Alhajin zai iya kai ta gidan yari kamar yadda ya kai ubanta, kuma wannan karon da gaskiyarsa.

Khalifa:
To ai wannan ne daɗin labarin Barista. Mai karatu yana karantawa gabansa na faɗuwa, ko yau za a kama ta ko gobe.

Barista Hauwa:
Na yarda, in marubuciyar ta san haɗarin ta saka shi a ciki. Abin da ba na so shi ne a yi kamar babu shi.

Sadiya 'Yar Jos:
Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Yaya Maman Ilham, kin ce a Gangare ta tashi. To bakinta fa? Mu 'yan Jos ko mun yi shekara goma a wani gari, muna buɗe baki ake gane mu. Da yawanmu "mota na" muke cewa, "riga na", "wayan ki", ba "motata" da "wayarki" ba. Na zo karatu Abuja wata Bakanuwa a ɗakinmu ta ce mini tun gaisuwar farko ta san daga inda na fito. Yarinya za ta iya koyon Larabcin gaisuwa da ɗaurin lafaya, za ta iya kiyaye harshenta in tana cikin natsuwa. Ranar da ta firgita ko ta fusata ko mai ya fallatso mata a kicin, Hausar uwarta ce za ta fito.

Kuma ki tuna Alhajin shi ma ɗan Gangare ne, tare suka tashi da ubanta. Duk gidan ba mai kunnen da zai kama wannan sai shi. 'Ya'yansa a Maitama aka haife su, rabin maganarsu Turanci ne, ba za su ji komai ba. Shi kuwa kalma ɗaya ta ishe shi.

Maman Ilham:
Sadiya tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa kawo wannan ba.

Sadiya 'Yar Jos:
Har da abinci. A kawo gwaten acca gidan, kowa ya yamutsa fuska, ita ta ci kamar wadda ta dawo gida. Ko a yi maganar sanyi ta yi suɓutar baki ta ce wannan ai ba sanyi ba ne. Mutumin Dubai ba zai raina sanyin Abuja ba, ɗan Jos ne ke yin haka.

Malam Bashir:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma na ga kowa yana gyara yadda ƙaryar za ta tsaya da ƙafarta. Ni ina so mu koma baya kaɗan, Hajiya Maman Ilham, ki yi haƙuri da ni.

Yarinyar nan abin da ya fito da ita daga Jos son mahaifinta ne. An ɓata masa suna, an kira shi mai takardun jabu, ya mutu a tsare. Sai kuma matakin farko da ta ɗauka shi ne ta cire sunansa daga nata ta ɗora na wani. Wannan a addininmu ba ƙaramin abu ba ne. A Suratul Ahzab aya ta 5 Allah ya yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, Aljanna ta haramta gare shi. Ban kawo wannan don in ce kada a rubuta mai laifi a labari ba, labari ba ya tafiya sai da masu kuskure. Na kawo ne don yarinyar da ta yi Islamiyya a Gangare ta san wannan hadisin. Ranar da za ta buɗe baki ta ce ni 'yar wane ce, ta ambaci wani ƙato da ba ta taɓa gani ba, dole wani abu ya karye a ƙirjinta. In ba ki nuna mana wannan ba, ba Bahaushiya kika rubuta ba.

Sannan auren. A mazhabar Malikiyya da muke bi, aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi. Wa zai zama waliyyinta? In hayar wani za ta yi ya zauna a matsayin baffanta, kin ga an kai wasa cikin abin da ba a wasa da shi, kuma 'yan mata 'yan shekara 16 ne za su karanta.

Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Annabi Yusuf, alaihis salam, ai 'yan'uwansa sun shigo wurinsa ya gane su su ba su gane shi ba, bai kuma bayyana kansa ba sai da lokaci ya yi. Har ma'aunin sarki aka saka a kayan ƙaninsa. Wannan ba ɓoye kai ba ne don a kai ga gaskiya?

Malam Bashir:
Tambaya mai kyau Khalifa. Aya ta 58 ce a surar, ya gane su su ba su gane shi ba. Amma ka lura, shiru ya yi a kan ko shi wane ne, bai ce shi ɗan wani ba ne ba ɗan Yaƙub ba. Tsakanin yin shiru da canza uba akwai tafiya mai nisa. Kuma ka duba aya ta 92 ka ga abin da ya ce musu ranar da suka zo hannunsa, cewa ya yi babu zargi a kanku yau.

Ummi:
Ban cika magana a nan ba amma yau sai na yi. Malam ka yi mini afuwa, ina girmama ka. Abin da ya sami uban Hafsatu kusan shi ya sami mahaifina, illa shi ba a tsare shi ba. Shekara 26 yana aikin gwamnati, kuɗin sallamarsa kaf ya zuba a fili ta hannun wani da yake kira ɗan'uwa, wanda yake cin abinci a tire ɗaya da shi. Ashe filin mutum uku aka sayar wa. Muka tashi daga Garki muka koma Mararraba ɗaki biyu, mu tara. Baba ya yi shekara shida yana hawa motar haya da asuba yana zuwa kotu da fayil a hammata, ana ɗage zama. Hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu ba a yanke hukunci ba. Mutumin nan yana nan da ransa, na ga hotunan bikin 'yarsa a Instagram, akwatunan lefe sun cika falo.

Don haka Anti Maman Ilham ina roƙonki, kada ki kai mu babi na 40 sannan Hafsatu ta fashe da kuka ta ce ta yafe, kowa ya rungumi kowa. Mun karanta irin wannan har mun gaji. Kullum talaka ake ce wa ya yi haƙuri. Ko a takarda ne, ku bar mu mu ga rana ɗaya mai kaya ya kama ɓarawo. Hausawa ma sun ce rama cuta ga macuci ibada ce.

Anti Rabi:
Allah ya jiƙan Baba, Ummi. Allah ya sa kaffara ce. Wallahi na yi hawaye.

Sadiya 'Yar Jos:
Allah ya gafarta masa, ya bi muku hakkinku.

Malam Bashir:
Allah ya jiƙansa da rahama, 'yata. Ba zan ce miki ki yafe ba, hakkinki ne, kuma ba wanda ya isa ya tilasta miki. Suratus Shura aya ta 40 ta ce sakamakon cuta cuta ce kwatankwacinta, sannan ta ce wanda ya yafe ya gyara ladansa na wurin Allah. Aya ta 41 kuma ta ce wanda ya ɗauki fansa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Ƙofa biyu ce a buɗe. Maganar rama cuta ga macuci karin magana ce ba hadisi ba, amma ko ita "ga macuci" ta ce. Faruk me ya yi? Shekararsa nawa lokacin da aka sauya takardun? Ƙanwarsa da ta ɗauki Amal aminiya tana gaya mata sirrinta fa? Wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, wannan ya zo a Alƙur'ani ba sau ɗaya ba.

Ummi:
Malam sun ci kuɗin ai. Makarantar da suka yi a Ingila da kuɗin wa aka biya? Ni na bar jami'a a aji biyu.

Malam Bashir:
Sun ci ba da saninsu ba. A karɓe dukiyar a mayar wa masu ita ko da za su koma gidan haya, wannan adalci ne. A auri yaro da nufin a karya masa zuciya, wannan sabon zalunci ne da Hafsatu za ta amsa shi ita kaɗai.

Ummi:
A kan dukiyar mun haɗu. A kan yaron zan yi tunani, ban ce na yarda ba.

Zainabu Mai Lalle:
Ku ba ni dama in faɗi wani abu daga inda nake tsaye. Shekara shida ina yin lalle da gyaran jiki a gidajen Maitama da Asokoro. Anti Rabi ta ce tambaya uku ake yi wa yarinya. Haka ne, in ta shigo ta ƙofar gaba. Mu da muke shiga ta ƙofar kicin ba a taɓa yi mana ko ɗaya ba. Akwai gidan da na yi shekara huɗu ina zuwa, har yau "mai lalle" suke kirana, a wayar Hajiya ma haka aka ajiye lambata. In na tura lambar asusu a biya ni ba mai duba sunan da ya fito.

Kuma mu ne muke shiga har uwar ɗaka. Amarya tana zaune awa huɗu hannu da ƙafa a miƙe ba ta iya taɓa komai, ni ce mai ɗaga mata waya in kara mata a kunne, ni ce za a ce buɗe durowar can ki ɗauko mini kaza. A gabana ake faɗan kishiya, a gabana ake maganar wanda ake bi bashi da wanda aka kai ƙara. Ba sa rage murya, don a wurinsu kamar kujera nake.

To me ya kai Hafsatu Dubai? Ta zo da sunanta na yanka da na ubanta, ta shigo da robar lallenta. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, su ne ba su tambaya ba.

Barista Hauwa:
Zainabu kin warware rabin matsalata da magana ɗaya. Ba sojan gona, ba takardar jabu. Saura abin da za ta yi da abin da ta gani. In ta ɗauki hoton takardu da wayarta, dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba, in alƙali ya auna ya ga amfanin karɓarta ya rinjayi illar yadda aka samo ta, sashe na 14 ke nan. Shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta kuma tana da nata sharuɗɗan a sashe na 84. Sannan filin Abuja ba kamar na jihohi ba ne, duk na gwamnatin tarayya ne, minista ke bayarwa, kuma ana bincika tarihin fili a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Takardar da ke durowar Alhaji in ta saɓa da abin da ke cikin fayil, nan ne lauya zai kafa ƙafa. Ga kuma EFCC, hedikwatarsu tana nan Jabi. Ki ba ta ƙaramin lauya mai zuciya, ki nuna wahalar da za su sha, kada ki sa a gama shari'ar a zama biyu. Ummi ta gaya miki yadda abin yake.

Hajiya Turai:
Ni fa ban yarda ba, kuma ina magana ne a matsayin mai sayar da littafi a waya. Yaran da ke biyan kuɗin shiga zauren karatu a WhatsApp, da masu bi a Wattpad, da masu saurare a YouTube, yawancinsu a ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannensu biyar. Wahala suna da ita a gida. Abin da suke saya shi ne su ga 'yar'uwarsu talaka ta sa leshi mai tsada ta fito daga babbar mota, 'yan matan Maitama suna yi mata fadanci ba su san ko ita wace ce ba. Wannan shi ne zumar labarin. Kun taru kun cire mata gwal kun miƙa mata robar lalle. Gaskiya ce, amma wa zai biya ya karanta gaskiyar da yake gani kullum?

Zainabu Mai Lalle:
Hajiya ni ma ina cikin masu biyan, kuma ban taɓa ganin irina a littafi ba sai a matsayin mai kawo gulma ko mai kai saƙon boka. Akwai mu da yawa. Tsorona ɗaya ne, kada labarin ya fito a fara yi mana kallon masu leƙen asiri, abincinmu a amana yake. In za a rubuta, a nuna ita ma abin yana cin ranta, tana cin amanar da sana'ar ta ginu a kai.

Hajiya Turai:
To ko a raba. Ta fara da lalle, daga baya wani ya ɗauki nauyinta ya shigar da ita cikinsu. Ai dama ban ga inda 'yar Gangare marainiya za ta sami kuɗin hayar Maitama ba, inda ake neman na shekara guda ko biyu a dunƙule. Uwargidan Alhaji da ya saka bayan ya yi kuɗi, wadda ta san komai don a gabanta aka yi, ita ce za ta saya mata kaya ta koya mata zama. Kowacce da abin da take nema a jikin ɗayar.

Anti Rabi:
Wannan kam ya zauna. Mace irin wannan in ta ce "'yar ƙanwata ce", ba mai sake tambaya, domin ita ce shaidar. Ta haka kaɗai baƙuwa ke shiga cikinsu, wata babba ta tsaya mata.

Malam Bashir:
In "'yata ce" ta ce, a al'adarmu duk yarinyar da ke hannunka 'yarka ce, ba a canza wa kowa uba ba.

Khalifa:
Amma Anti kada ki kashe soyayyar Faruk don Allah. Ko ba aure, a bar shi ya so ta.

Maman Ilham:
Jiya ban yi barci ba. Na karanta maganganunku sau uku, ta Ummi ta fi tsaya mini. Na jefar da Amal da Dubai, babi tara sun tafi. Hafsatu za ta shigo da lalle kamar yadda Zainabu ta ce, uwargidan da Hajiya Turai ta kawo shawara za ta ja ta sama daga baya. Ba aure. Faruk zai so ta, ita ma abin zai taɓa ta, kuma ban san yadda za su ƙare ba tukuna. Ummi, Alhaji zai tsaya gaban alƙali, na yi miki wannan alkawarin. Ga abin da na rubuta da asuba:

Tana tsugune tana zana wa Hajiya ƙafa ya shigo neman makullin mota. Bai dube ta ba, wata bakwai ke nan bai taɓa dubanta ba. Gefen babbar rigarsa ya ture robar, ta ce, "Wayyo lalle na, riga na!" Sai ya tsaya da makullin a hannu. Ya juyo a hankali ya ce, "Ke 'yar Jos ce?" Ta ce e. "Wace unguwa?" Ta ce Gangare. Hajiya tana ta danna waya. Ya ce, "'Yar gidan wa?" Hafsatu ta ajiye tsinken. Shekara 11 tana shirya ƙaryar da za ta faɗa a wannan wurin, da sunan wani mai shayi da ya mutu ba ɗa ba jika. Ta buɗe baki, sai ta ji harshenta ya ƙi.

A nan na tsaya. Ta faɗi sunan ko kada ta faɗa?

Ummi:
Ta faɗa. Ta dube shi cikin ido ta faɗa, har da "mai atamfa" a ƙarshe yadda ake kiransa a kasuwa.

Barista Hauwa:
In ta faɗa kafin hotunan takardun su isa hannun lauya, ta kashe shari'arta, daren nan zai ƙone komai. Ki tabbata sun riga sun fita daga gidan.

Hajiya Turai:
Ki yanke babin a daidai "harshenta ya ƙi". Amsar ta jira sati mai zuwa.

Sadiya 'Yar Jos:
Gyara ɗaya Yaya. "Lalle na" kowa haka yake faɗa, ba zai nuna komai ba, "riga na" ce za ta tsayar da shi, ki bar ta ita kaɗai. Kuma kin taɓa zuwa Gangaren kuwa?

Maman Ilham:
Sau ɗaya, ina yarinya, bikin wata gwaggona.

Sadiya 'Yar Jos:
To ranar Asabar zan tafi gida, ki shirya mu tafi tare. Mu haɗu a tasha ƙarfe bakwai, ta Keffi da Akwanga za mu bi, in mun haye Hawan Kibo da wuri kafin la'asar mun huta. Zan kai ki ki ga abin da ya rage na kasuwar Taminus, sannan ki zauna da kakata, a gabanta aka yi gobarar. Ki taho da rigar sanyi.

Maman Ilham:
Bari in nemi izini wurin Baban Ilham yau da dare. In ya amince zan kira ki gobe in sha Allahu.